Amsa: A gyara tsohuwar mota ko a haƙura da tuƙi?

Assalamu alaikum, Alhaji. Ka ce motarka ta haura shekara ashirin, tana shan baƙin mai, kuma kana tunanin ko ka gyara ta ko ka ajiye tuƙi gaba ɗaya.

Shawarata ita ce ka fara kai ta wurin bakaniken da ka amince da shi ya duba inji, giya da ƙarƙashin motar, domin a nan hukuncin yake. Shan baƙin mai tare da shuɗin hayaƙi yawanci alama ce ta cinyewar ringi, wato zoben fistan da ke cikin inji, kuma wannan gyara ne da ake yi a Kano kullum, ko kuma a sayo inji ɗan Beljiyam a kasuwar Kofar Ruwa. Amma idan tsatsa ta ci ƙarfen ƙasa, ina ganin kada ka ƙara zuba kuɗinka, saboda ba lallai ne walda ta mayar da ƙarfin da ya tafi ba.

Sai kuma batun fetur, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama babban nauyi. Idan zirga-zirgarka ba ta wuce kasuwa da asibiti ba, Adaidaita Sahu zai fi maka sauƙi, ko da yake da wahalarsa lokacin damina.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarka. Idan idanu sun fara gazawa da daddare, don Allah ka je a auna su kafin ka kashe ko sisi a kan motar.