Amsa ga mai son fara farautar koyoti a Texas, musamman maganar fili

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarka, kace kana zaune kusa da Dallas, kana sha'awar fara farautar koyoti yadda kaga abokan aikinka nayi, kana son sanin wace bindiga zaka saya, kuma ina mutum zai samu filin shiga tunda ko'ina ka duba shingen waya ne. To na daɗe ina wannan harkar a nan Texas, kuma gaskiya tambayarka ta biyu ita ce babba. Bindiga in takardunka sun cika ko yau ka shiga shago zaka iya fitowa da ita, fili kuwa sai mai shi ya yarda da kai, yarda kuma ba a sayarwa a shago.

Ga 'yan uwa na gida da basu san dabbar ba, koyoti dangin kare ne, kusan dila ne sak har wayon, sai dai ya ɗan fi namu girma, yawanci kilo 10 zuwa 20. Akwai shi a duk jihohin Amurka in ka cire Hawaii, har cikin gari yana shigowa da daddare.

Fara da takardu kafin komai, dan Allah kar ka yi wasa da wannan. A Texas duk wanda aka haifa ranar 2 ga Satumba 1971 ko bayanta dole ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idar farauta, in ka kai shekara 17 ana iya yinsa gaba ɗaya ta intanet. Sai lasisin farauta, na mazaunin jiha dala 25 ne, yana aiki daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta, hukumar TPWD mai kula da namun daji ta Texas ce ke badawa kuma shagunan kayan farauta ma suna yi maka a take. Abin da mu baƙi muke yawan mantawa shi ne matsayin zamanmu. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, doka ta bashi dama ya sayi bindiga bayan an bincike shi a shago. Wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki kuwa dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya shiga cikin waɗanda aka togace, ɗaya daga ciki shi ne mai lasisin farauta da bai ƙare ba. Kaga kenan ranar da lasisin ya mutu bindigar da ke ɗakinka ta zama matsala. In kana kan biza ka zauna da lauyan shige da fice tukuna, kuɗin awa ɗaya ne zaka biya, ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba akan a ce zamanka ya lalace saboda farauta.

Yanzu maganar fili. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Texas a hannun mutane take, ba kamar dajinmu ba da mafarauta za su ɗauki gora da karnuka su nausa. Nan in ka tsallaka waya babu izini laifi ne babba, har gidan yari ana zuwa, kuma ba sai ka ga allo ba, in kaga an shafa fenti shunayya a jikin bishiya ko turken shinge to ma'anarsa kar ka shiga. Harbi daga kan titin gwamnati haramun ne a doka, haka harsashinka ya tsallaka gonar maƙwabci ko da kai kana tsaye inda aka baka izini.

Amma ga inda sa'arka take. Farautar barewa a Texas haya ake biya, dubban daloli a shekara, shi kuwa koyoti makiyaya da yawa neman wanda zai rage musu shi suke, don yana ɗauke musu 'ya'yan tumaki da awaki, wani lokacin har maraƙin da aka haifa yanzu yanzu. Doka ma bata sa masa lokaci ko adadi ba a gonakin mutane, duk shekara a buɗe yake. To kai ba roƙon alfarma kawai kaje yi ba, akwai abin da zaka tsinana wa mutumin, kuma da wannan fuskar ya kamata ka je masa.

Ƙofar farko da zan ce ka buga ita ce ta manomin da kuke sayen ragon layya a wurinsa. Wlh mutanenmu basa lura da wannan. Mutum ne da ya san fuskarka, ya san kana biya ba gardama, tumaki yake kiwo kuma babu mai kiwon tumaki a jihar nan da bashi da labarin koyoti. In ka je sayen rago ko akuyar suna ka tsaya ku yi hira, ka tambaye shi ko ya yi asara bana, ka bar shi ya yi ta magana. In nasa filin ƙarami ne zai haɗa ka da maƙwabci, ai su ma kamar ƙauye suke, kowa ya san kowa. Bayan shi sai shagon abincin dabbobi na ƙananan garuruwa da karar gwanjon shanu da ake ci mako mako, nan ake haɗuwa da masu gona. In kana da ƙarfin tuƙi, yankin San Angelo can yamma shi ne cibiyar tumaki da awaki, kasuwarsu ce mafi girma a Amurka, sai dai daga Dallas tafiyar awa huɗu ce. Akwai kuma manhajar onX Hunt da take nuna maka iyakar kowace gona da sunan mai ita, tana taimakawa sosai, duk da ni na fi yarda da wanda aka haɗa ni da shi baki da baki akan wasiƙar da zan aika wa wanda bai taɓa ganina ba.

Lokacin tambaya ma yana da muhimmanci. Kar ka je a Nuwamba ko Disamba, lokacin masu hayar barewa suna ciki kuma basa son kowa ya firgita musu dabbobi. Ka bari sai Janairu in an rufe barewa, ga sanyi, ga shanu sun fara haihuwa a gonaki da yawa, lokacin ne mai gona yake jin zafin abin a aljihunsa.

Ranar da zaka je ka je da rana tsaka, cikin kayanka na yau da kullum ba kakin farauta ba, kuma ka bar bindiga a gida kwata kwata. Zan faɗa maka gaskiya a matsayin ɗan uwa, kai baƙar fata ne kuma harshenka na baƙo, akwai wanda daga ganinka zai ce a'a, ka yi godiya ka juya, kar ka ja magana a ƙofar mutum kuma kar ka sa abin a ranka, na gaba zai iya karɓarka hannu biyu, na ga irin su da yawa. Ka buga ƙofa ka ja baya, ka faɗi sunanka da inda kake aiki da wanda ya turo ka. In ya amince ka roƙe shi ya rubuta maka izini a takarda da lambar wayarsa, ka riƙa yawo da ita, jami'an gandun daji na Texas suna da ikon shiga gona su tambaye ka. Sannan ka tambaye shi ina iyaka, ina garken yake yanzu, yana da karnukan gadi a cikin tumaki, don da yawa suna ajiye manyan fararen karnukan nan da suke kwana da garke. Ka tambaya ko an kafa tarko ko na'urar guba da ake kira M-44, wannan sayanayid take fesawa in an ja ta, kar ka taɓa wani ƙaramin abu da kaga an kafe a ƙasa an naɗe kansa.

Riƙe filin ya fi samunsa wuya. Get ɗin da ka tarar a rufe ka rufe, wanda ka tarar a buɗe ka bar shi a buɗe don mai shi ya san dalilin da ya bar shi haka, ta yiwu hanyar ruwan shanu ce. In an yi ruwa kar ka shiga da mota ka tona masa ƙasa. Ka tura saƙo kafin ka shiga da bayan ka fita, ka tsince kwanson harsashinka, kaga waya ta tsinke ko saniya ta maƙale ka kira shi. Babban abin da yake sa a kori mutum shi ne jawo aboki ba tare da an tambaya ba, kai aka ba izini ba ku ba. In ka riƙe waɗannan, wata rana mai gonar da kansa zai kira ka yace maƙwabcina yana nemanka.

Filin gwamnati akwai amma kaɗan ne. Da dala 48 zaka sayi izinin shekara na TPWD da yake buɗe maka sama da eka miliyan ɗaya, za su baka littafin taswira, ka karanta dokar kowane wuri daban don wani an yarda da koyoti wani ba a yarda ba, wani ma shotgan kaɗai ake shiga da ita, kuma da rana ana buƙatar riga da hula ruwan lemo. Koyotin irin wuraren nan sun sha jin kiran da mafarauta ke jawo su da shi sun waye, kar ka karaya in baka ga komai ba. Jihar Kansas tana da tsarin WIHA inda gwamnati ke biyan manoma su buɗe gonakinsu a shiga da ƙafa, New Mexico kuma ga filayen BLM, hukumar filayen gwamnatin tarayya, birjik, amma can lasisin baƙo zaka saya kuma dokarsu daban.

Kayan aiki kar ka ɓata kuɗi. Raifil mai harsashin .223 da madubin hange madaidaici ya ishe ka, harsashinsa da arha kuma baya dukan kafaɗa, ka je filin koyon harbi ka saita shi a yadi 100 har hannunka ya faɗa. Usur ɗin baki mai kukan zomo 'yan daloli ne, na'urar FoxPro mai yin kiran da lantarki ka bari sai gaba, haka madubin dare, duk da an yarda da farautar dare a gonar mutum ni bana ba sabon shiga shawarar ya fara da ita, a duhu ake harbe maraƙi da karen mutane. Abin da zaka koya da gaske shi ne iska. Hancinsa ya fi idonsa, kuma in ya ji kira kusan kullum sai ya zagaya ta inda iska take kai masa wari kafin ya matso, to ka zauna iska na bugun fuskarka ko ta gefe, kana hango wannan ɓangaren, rana a bayanka, ka jingina da kurmi don kar surarka ta fito. Ka ajiye mota nesa inda ba a ganinta, kar ka buga ƙofa. Ka fara kira a hankali, ka yi shiru, ka sake, minti 20 zuwa 30 in babu komai ka tashi ka canja wuri mai nisa. Sassafe bayan asuba da dab da magariba su ne lokutan. Daga Janairu zuwa Maris suna barbara, lokacin kukan koyoti ɗan uwansu yana jawo su sosai, Afrilu da Mayu kuma suna da 'ya'ya a rami, ni a lokacin bana fita sai in mai gona yana asara ya kira ni.

Naman dai ba ma ci, dabba ce mai fiƙa, don haka niyyarka ta zama kare dabbobin mutane ne, kuma in baka tabbatar harbi ɗaya zai gama da shi ba kar ka ja kunamar. Ka sa safar hannu in zaka taɓa shi saboda kirci da kaska da ciwon haukan kare, ka tambayi mai gona inda yake so a kai mushen, nesa da ruwan shanu. In ka gama kwas ɗin ka karɓi lasisi ka yi min magana, sai mu sa rana mu je filin harbi in duba maka saitin madubin in sha Allah.