Tambayoyinku kan wifi: kafin ka sa wa rauta OpenWrt, juya ta ka duba ƙasanta

Tambaya daga unguwar Ali Dan Sofo: Malam, na sa OpenWrt (manhajar kyauta da ake sa wa rauta a madadin ta kamfani) a rautata, intanet na zuwa ta kebul amma wifi ya ɓace gaba ɗaya. Me zan yi?

To ɗan'uwa, ban ga rautarka ba amma kusan na tabbata guntun wifi ɗinta, wato ƴar na'urar da ke sarrafa wifi a cikinta, na kamfanin Broadcom ne. Wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, mutum ya kalli bidiyo ɗaya a YouTube sai ya ɗauki rautar gida ya hau yi mata aiki, ko takardar da ke manne a ƙasanta bai karanta ba. OpenWrt ya samo asali ne a 2004 bayan an matsa wa kamfanin Linksys ta saki lambobin manhajar rautarta WRT54G tunda kan Linux aka gina ta, amma buɗe manhaja daban, buɗe direban wifi, wato manhajar da ke tuƙa guntun, daban. Broadcom ta riƙe nata a rufe, direban b43 da masu sa kai suka rubuta tsofaffin guntaye kawai yake ɗauka, su ma da ƙyar, kuma kar ka sa rai da 5GHz, wato zangon wifi mai sauri. Na kamfanin Atheros kuwa, direban ath9k a buɗe yake duka, ath10k na aiki amma da ɗan fayil na kamfani a ciki, guntun MediaTek da direban mt76 shi ma lafiya lau, shi nake sa mutane su saya yanzu.

Kuma suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya! TP-Link Archer C7 v2 na tafiya sumul, v1 kuwa 5GHz ɗinta ba ya aiki. Wannan ƙaramin "Ver" da ke kusa da lambar siriyal shi ne magana, mai shago a babbar kasuwa ba zai faɗa maka ba don shi ma bai duba ba. Ka nemi samfurinka a jerin na'urori na shafin OpenWrt, in Broadcom ce ka mayar da manhajar kamfani, ko ka gwada FreshTomato, wata manhajar rauta da ke aiki da Broadcom. Sannan don Allah ka jona rautar da batir kafin ka fara, in kuran ya ɗauke ana tsakar sa manhajar sai ta koma bulo, ta daina aiki.

Tambaya daga Tibiri: Tsohuwar rautata mai ma'ajiyar 4MB za ta ɗauki OpenWrt?

A'a. Tun bayan sigar 19.07 aka bar masu 4MB da RAM 32MB. Nemi mai ma'ajiyar 16MB da RAM 128MB.

Tambaya daga wata Hajiya a Zariya: Yaran maƙwabta sun gama min megas.

Hajiya, lambar talhonki ba kalmar sirri ba ce, duk layin sun haddace ta. Ki canja, ki sa tsarin tsaro na WPA2, ki kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba.