Yadda Ake Tsallaka Kwara da Kwalekwale In Ruwa Ya Cika

Wani yaro da ke koyon fito a Yawuri ya tambayi maigidansa: "Baba, a bakin gaɓa ina tuƙi lafiya lau. Amma da na nufi ƙetare sai goshin jirgi ya riƙa juyawa, ruwa ya sauke ni can gangare nesa da mashigi. Ga kuma yaran gungu, tsibirin nan na tsakiyar ruwa, suna roƙona in riƙa fitar da su. Ina kuskuren yake, kuma yaushe zan fara ɗaukarsu?" Ga amsar da ya samu.

To, Garba, mu fara da filafili, don daga nan juyawar take tasowa. Duk mai tuƙi a gefe guda, jirginsa zai karkata zuwa ɗaya gefen: ka ja a dama, goshi ya nufi hagu. Sabon hannu yana gyara wannan da sauya gefe, uku nan uku can, kuma duk sauyawar da ya yi ruwa ya ci masa ƙasa. Gyaran yana a ƙarshen jan. Hannu ɗaya a kan filafili, ɗaya kamar taƙi guda sama da faffaɗan bakinsa. Tsoma shi gaba iyakar inda hannunka ya kai ba tare da ka ɗaga daga mazauni ba, bakin ya nutse duka, sandar kuma a tsaye dab da jikin jirgi. In ka kwantar da ita kana share ruwa can nesa, juya jirgin kake yi da hannunka. Ja har daidai ƙugunka, sai ka murɗa hannun sama babban yatsa ya dubi ƙasa, bakin filafili ya tsaya a kan kaifinsa, ka ɗan tura ruwan waje kafin ka zare. Wannan 'yar turawar ita ke dawo da goshi kan hanya. Ƙarfin jan ya fito daga ƙugu da gadon baya, don damtse shi kaɗai ba ya kai mutum tsakiyar Kwara. Tsawon filafili kuwa, in ka tsayar da shi a ƙasa ya tsaya maka tsakanin ƙirji da haɓa.

Sai zama. Kai kaɗai a gindin jirgi, goshi ya ɗaga sama, iska ta samu abin kamawa. Cika jarka mai lita 20 ko 25 da ruwa ka ajiye ta gaba, ko ka matso kusa da tsakiya. Ka zauna ƙasa-ƙasa, gwiwoyi a tokare da jikin jirgi. Na san kuna kallon masu tseren jirgi a Rigata, bikin ruwa na nan Yawuri, da na wasan ruwa na Kabanci a kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, kuna sha'awar tuƙin tsaye. Waɗancan ƙwararru ne, ba fasinja a jirginsu, ga idon jama'a da jirage kewaye da su. Ɗan fito mai ɗauke da mutane a ruwa mai gudu zaune yake tuƙi.

Babban kuskurenka shi ne kana saita goshi kan mashigin da kake so. Da ka yi haka ka ba ruwa haƙarƙarin jirgi gaba ɗaya, shi kuwa ba abin da zai yi sai ya tafi da kai. Goshi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa ne, ya ɗan kauce zuwa gaɓar da ka nufa. Ɗauka ruwan yana zuwa daga ƙarfe 12 na agogo: a ruwa mai ƙarfi goshi ya tsaya kan ƙarfe 1, ko ƙarfe 11 in hagu za ka. In ruwan ya yi sanyi ka buɗe zuwa 2 ko 10. Kai kana tuƙi kamar mai haurawa, ruwan da ke bugun gefen goshi shi ke tura ka ƙetare. In ka ji goshi yana neman ƙwacewa, kada ka ƙara sauri, rufe kusurwar tukuna, ka mai da shi kusa da 12, sannan ka sake buɗewa a hankali.

Don ka san ko ruwa yana satar ka, zaɓi alama biyu a ƙetare, ɗaya a bakin gaɓa ɗaya can bayanta, misali itacen bakin ruwa da giginyar da ke kan tudu. Muddin suna kan layi ɗaya, tafiyarka daidai ce. In ta bayan ta zame ta ɓangaren gangare, kai ne ke gangarawa. Kuma ranar da ruwa ya fi ƙarfin tuƙinka, kada ka yi gardama da shi. Bi ta bakin gaɓa inda gudunsa ke da rauni, ka haura kamar rabin faɗin da za ka tsallaka, in ya cika sosai ma faɗin duka, sannan ka yanka. Abin da ya ci maka a tsakiya, ka riga ka biya shi tun a gaɓa.

Akwai wurin da ke kifar da yara da yawa, wato inda ruwan kwance na bayan gungu ko bayan dutse ya haɗu da mai gudu. Za ka ga layin kumfa da ciyayi suna juyi. Goshi na shiga mai gudu, gindi yana cikin kwance, sai jirgi ya murɗe. Shiga da sauri, kuma ka ɗan karkata jiki ta ɓangaren gangare, gefen da ruwa ke bugu ya ɗaga. Haka ma in jirgi ya kwanta a kan kututture: jingina wajen kututturen. Tsoro zai ce ka ja baya daga gare shi, in ka bi tsoron leɓen jirgi na gefen da ruwa ke bugu ya nutse, ruwa ya afka ciki nan take.

Kututturen nan ba ƙaramin abu ba ne a ruwanmu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taso har nan Yawuri, ya rufe gonaki da dazuzzuka, itatuwan da ya shanye wasu har yau suna tsaye a ƙarƙashi. Inda ka ga ruwa ya tsage biyu, tsinin tsagewar yana duban inda ruwa ke fitowa, akwai abu a daidai tsinin. Inda ya taru ya yi santsi, tsinin yana duban gangare, nan ce hanya. A kwanar kogi, gaɓar waje ita ce mai zurfi da gudu, can ruwa ke cin ƙasa yana kayar da itatuwa, kuma itacen da ya faɗa ruwa ya fi dutse haɗari, don ruwa na ratsa rassansa ya wuce, mutum da jirgi kuwa su maƙale. Ka kuma riƙe cewa Kwara cika biyu take yi. Farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka da tarkace. Sai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga Gini ya ratso Mali da Nijar, ya iso mu cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Mutane na ganin rani ya shiga sai su saki jiki, alhali ga ruwa cike, ga hazo ya rufe ƙetare.

Gwangwala ta ruwa marar zurfi ce. In ta kafe a laka, murɗa ta ka zare. In ta ƙi, sake ta, kada ka bi ta cikin ruwa. Shi ya sa filafili na biyu ba ya barin jirgi.

Batun yara kuwa, lodi ne farko. Bayan kowa ya zauna, a samu aƙalla taƙi guda tsakanin leɓen jirgi da ruwa, in da iska a ƙara. Ba da ƙirga kai ake auna lodi ba, da wannan taƙin ake aunawa. Ba wanda ya manta da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya nufi kasuwar Wara a Ngaski cikin Mayun 2021, da mutum sama da 150 da kaya, ya tarwatse a hanya, kaɗan suka tsira. Ƙaramin kwalekwale ma dokarsa ke nan. Su shiga ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da jirgi, ƙafa a tsakiyar ƙasan jirgi, hannu biyu a kan leɓe, a sunkuye. Manya a tsakiya, ƙanana inda idonka ke kansu. Kowa ya zauna a ƙasa, ba mai tashi, ba mai leƙa ruwa, in hula ko takalmi ya faɗa a bar shi. Kwashe ruwan ciki tas kafin tashi, ka ba babban cikinsu ƙwarya ko yankakkiyar jarka ya ci gaba da kwasa. Ruwan da bai wuce idon sawu ba, in jirgi ya karkata duk gefe guda yake gudu ya ƙara masa nauyi. Da safe ka duba haɗin katako, inda ke tsatsafa a cusa auduga a shafe da kwalta.

Rigar ruwa dole ce, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ma ta wajabta ta, kamar yadda ta hana tafiyar dare. Amma rigar babba a jikin yaro yaudara ce. Ɗaure masa duk igiyoyin, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. In ta haura kunnuwansa, a ruwa ma haka za ta zame ta bar shi. Jarka mai lita 20 da ba komai ciki, a rufe gam, tana ɗaga mutum, sai dai tana buƙatar hannu, wanda ya gaji ko ya suma kuwa ba shi da hannun riƙewa. Ka ajiye biyu don agaji, kada ka ɗauke su madadin riga. Masu cewa su jinin Sarkawa ne ruwa ba ya cinsu, ka gaishe su da ladabi ka miƙa musu riga.

Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iskarsa kuma tana riga ruwan sama isowa. Gabas ta yi baƙi, ɗaure jirgi. In jirgin inji ya wuce, tari igiyarsa da goshi a ɗan karkace, kada ta same ka a haƙarƙari. Dorina kuwa nisa ne maganinta, musamman mai ɗa. Tana iya yin minti biyar a ƙasa, don haka inda aka san tana zama ka riƙa buga filafili a jikin jirgi ta ji ta ɗago ka ga inda take, kuma kada ka shiga tsakaninta da zurfi.

In Allah Ya ƙaddara jirgi ya kife, ƙirga kawuna kafin komai. Jirgin katako marar inji da kaya masu nauyi yawanci ba ya nutsewa ƙasa, kowa ya riƙe shi, amma ta gefen da ruwa ke fitowa, don jirgin da ya cika da ruwa in ya matse mutum da dutse ba ya ɗaguwa. Wanda ruwa ya raba da jirgi ya kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba ta gangare, ya nufi gaɓa a karkace. Kada ya miƙe tsaye sai ruwan ya gaza gwiwa, don ƙafa na iya shiga tsakanin duwatsu ko saiwa, ruwa ya danne shi. Babbar riga da zane a tuɓe su. Igiya ba a ɗaura ta a ƙugu ko wuyan hannu, kuma wuƙa tana jikinka saboda ragar kalli da ƙugiyoyin mamarin masunta.

Mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba. Za ka gan shi tsaye cikin ruwa, kai a baya, baki yana shiga yana fita. Miƙa masa filafili ko gwangwala, ko ka jefa masa jarka ɗaure da igiya mai mita 15. Kada ka je masa da jiki, ko ka iya ninƙaya, don zai hau kanka ne. Jawo shi ta gindin jirgi ko goshi, ta gefe zai kifar da ku duka. In an fito da shi ba ya numfashi, bar danna ciki da juya shi kai ƙasa, ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya shaƙe shi. Kwantar da shi rigingine, ɗaga haɓarsa, toshe hanci, hura masa iska baki da baki sau 5. Sai danna tsakiyar ƙirji sau 30, hurawa 2, a ci gaba, dannawa 100 zuwa 120 a minti. Ga yaro, ƙirji ya shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. In numfashi ya dawo, juya shi ta gefe, cire jiƙaƙƙun kaya, lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko da ya tashi yana magana, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Yaran gungu ba yanzu ba. Sai ka iya tsallakawa ka dawo a gefe guda ba sauyi, ka sauka a mashigi daidai, da jarka huɗu cike a madadin fasinja. Sai kuma mun kifar da jirgin da gangan a ruwan da ya tsaya maka a ƙirji, ka juyo shi, ka girgiza shi gaba da baya ruwan ya fita, ka kwashe saura, ka hau ta gindi. Gobe bayan asuba, kafin iska ta tashi, ka zo da jarkokin da rigarka mu fara da kifewar.