Liyarin Kakarki

'Yata, saƙonki ya iso. Wai liyarin nan, tsohon kuɗin azurfa da aka ajiye miki cikin kayan aure, tunda an rubuta 1780 a jikinsa, ko ki sayar ki ƙara kuɗin kujeru? Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Ina yaro Baba ya riƙe hannuna muka shiga Kasuwar Kurmi, wajen maƙeran fari, zai sa a yi wa wannan liyarin kunne don Inna ta rataya. Tsohon maƙerin bai ko dubi rubutun ba. Ya cilla shi kan dutse, ya karkata kai yana sauraron ƙararsa har ta mutu. Ya sake cillawa. Sannan ya sa farce yana ƙirga 'yan ɗigogin da ke kafaɗar matar da aka zana a jiki, ya ce azurfa ce ta gaske. Na tambaya wace ce wannan mai ƙiba da mayafi? Baba ya zungure ni, maƙerin ya ce, "Bar shi, matambayi ba ya ɓata."

Sai da na girma na san ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, uwar 'ya'ya 16. Mayafin na takaba ne, tun rasuwar mijinta a 1765 ba ta daina sa baƙi ba. Ita kuma ta rasu a 1780. To, fataken Habasha da Yaman da Borno sun riga sun amince da wannan fuskar, ba sa karɓar wata, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta. An buga a Landan, an buga a Rum da Bombai, har yau ana bugawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma 1780 ɗin ne dai a jiki. Saboda haka naki yana iya zama sa'an kakarki kawai. Zamanin da Bature Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo Kano a 1851, guda ɗaya wuri 2,500 ne.

Inna kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Ba ta cire shi ba sai a shekarar fari, ta jinginar da shi muka ci hatsi, da kaka ta fanso abinta. Ku kuwa yanzu komai sai an tambayi nawa zai yi a kasuwa, kujerun ma bayan shekara biyar an canza su.

Ki zo da shi ranar Juma'a tukuna, ina so in sake jin ƙararsa a kan dutse.