Tambaya da Amsa: 'Yata ta mayar da AI abokiyar sirrinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ina da yarinya 'yar shekara 15, tana aji biyu na babbar sakandare. Ba ta da waya, tawa take ara da sunan aikin gida. Rannan na duba, ashe da wannan abin da suke kira AI take hira. Aikin makaranta duk shi ke yi mata, wannan ma da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ga ƙarfe 11 na dare tana ba shi labarin faɗansu da ƙawarta, da ciwon marar da ke damunta, har da cewa wai ni ba na sauraronta. Da na tambaye ta me take yi da shi, sai ta ce, "Umma, ya fi malaminmu iya bayani, kuma ko sau goma na tambaya ba ya tsawa." Babanta ya ce a hana ta wayar kowa ya huta. Don Allah mutum ne yake ba ta amsa? Ya zan yi?

Wata uwa, Tudun Wadan Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ta wannan ɓangaren ki kwantar da hankalinki, babu wani ƙato da ke zaune a wani lungu yana hira da yarinyarki. Manhaja ce, irin wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. An ɗura mata rubuce-rubuce masu tarin yawa, na littattafai da jaridu da intanet, har ta gane wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Da haka take harhaɗa amsa. ChatGPT na kamfanin OpenAI ne ya fara tashe a ƙarshen Nuwamban 2022, ga Gemini na Google, ga kuma Meta AI da ya shigo WhatsApp ɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2024. Kuma ba yaranmu kaɗai ba ne. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta ce a 2024 kashi 26 cikin 100 na matasan can 'yan shekara 13 zuwa 17 sun yi aikin makaranta da ChatGPT, ninkin kashi 13 na 2023.

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, abin ya iya bayani. Ni da nake koyarwa a aji mai yara sama da sittin, ƙarya nake in na ce ina da haƙurin maimaita abu sau goma ga yaro ɗaya. Amma akwai halin da ba ta gano masa ba tukuna: da wuya ya ce "ban sani ba". Kin san ɗan acaɓan da bai taɓa cewa bai san unguwa ba? Ki ce masa Limancin Kona, ya ce hau mu je, ƙarshe ya dire ki a Kwarbai yana rantsuwa nan ne.

Zangon da ya wuce na ba 'yan ajina aikin rubuta ƙofofin ganuwar Zazzau. Wani yaro ya kawo nasa tsaf-tsaf: Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, sai ga Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa sun biyo baya. Na ce, "Kai, yaushe aka ɗauko ƙofofin Kano aka kawo mana?" Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa ya tsaya kai da fata, wai ai AI ne ya faɗa. Yaron nan fa kullum ta Ƙofar Doka yake fitowa zuwa makaranta, kakarsa tana cikin birni, da ita ya tambaya da ta lissafo masa tana tankaɗen gari. Irin wannan kuskure ya fi yawa a harkokinmu, don abin da aka rubuta da Hausa a intanet bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Turanci. Manya ma sun faɗa ramin: a 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, babu su babu dalilinsu. To balle hadisi, ko sunan maganin ciwon mara. Waɗannan biyun ki kafa mata doka: na malamin Islamiyya ne da na asibiti.

Sai maganar hirar dare, wadda ni ma ta fi damuna. An tsara manhajojin nan su yi magana mai daɗi, kuma sun fi karkata ga goyon bayan mai tambaya. In ta ce ƙawarta ce da laifi, zai lallashe ta, bai ji ta bakin ƙawar ba, bai san gidajenku ba. Gwaggo ko yaya za ta iya ce mata, "Ke ma kin yi rashin kunya, je ki ba ta haƙuri." Su kansu kamfanonin sun san da matsala. Dokar OpenAI ita ce sai ɗan shekara 13, kuma wanda bai kai 18 ba sai da izinin iyaye, sannan a Satumban 2025 suka ƙara hanyar da iyaye za su haɗa asusunsu da na yaro su sa ido. Ki kuma sanar da ita cewa abin da ta rubuta yana tafiya kwamfutocin kamfani, don haka ban da hotonta, ban da adireshi, ban da sirrin gida.

Ki ba Alhaji haƙuri, ban goyi bayan ƙwace waya ba. Gobe za ta ari ta ƙawarta a makaranta, kin ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ki sa lokaci: bayan sallar isha'i waya ta dawo hannunki, aikin gida kuma a tsakar gida, ba a ƙuryar ɗaki ba. Kada ki kuskura ki goranta mata abin da kika karanta, in kika yi haka kin rufe ƙofar da kanki. Ki dai riƙe kalmar nan tata, "ba ya tsawa", don da ke take. Ranar Asabar ki zaunar da ita ki tsefe mata kai, ki ɗauko labarin wata ƙawa da kuka taɓa ɓatawa kuna 'yan mata, sannan ki yi shiru ki ga ko za ta ɗora. In ta fara, ko me ta faɗa, ki danne "ai na gaya miki" sai ta kai aya.

TAMBAYA: Malama, ina shirin JAMB, ina amfani da AI wajen lissafi. Yayana ya ce satar amsa ce. Haka ne?

Wani ɗalibi, Samaru

AMSA: Ɗana, ya danganta da wa ya yi gumin. Ka fara warware tambayar da biro a takarda, sannan ka nuna masa ya gaya maka inda ka kauce, ka kuma gwada da littafinka domin shi ma yakan yi tuntuɓe a lissafi. In kuwa kwafa kake yi, yayanka ya fi ka gaskiya. Ranar jarrabawa a bakin ƙofa za a raba ka da wayar, daga kai sai kwamfutar JAMB da agogonta.