Wane gyara ne ke ƙara wa gida daraja kafin a sayar da shi?

Tambaya: Ina da gida mai ɗaki uku da falo a Kano, na gina shi shekara 18 da suka wuce, yanzu kuma ina so in sayar. Na ware naira miliyan 4 domin gyara. Dillali ya ce in sa tayil da silin POP, in yi sabon fenti, farashi zai tashi. Shi kuwa mai sayen ya ce da rancen banki zai biya, don haka sai an turo mai ƙiyasi ya duba gidan. Ina ya fi dacewa in sa kuɗin?

Amsa: Malam, kafin ka sayi ko da buhun siminti ɗaya, yana da kyau ka san yadda mai ƙiyasi yake isa ga adadin da zai rubuta. Ƙwararren da banki zai turo, wanda doka ta wajabta ya kasance yana da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu ƙiyasin darajar gidaje da filaye rajista a Najeriya, ba ya tara kuɗin da ka kashe ya ce shi ne darajar gida. Galibi yana duba gidaje masu kama da naka da aka sayar kwanan nan a unguwar, sannan ya ƙara ko ya rage gwargwadon girman fili, kyawun hanya, ingancin gini da takardu. Ke nan unguwa ce take yanke iyakar farashi. Gidan da ke lungun da mota ba ta shiga, ko da marmara aka shimfiɗa masa, ba zai kamo na Nasarawa GRA ba.

Saboda haka takardu ne farkon inda zan ce ka duba, domin a nan ne aka fi yin asara ba tare da an lura ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma ta ce mai takardar shaidar mallaka ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da sahalewarsa. Banki kuwa jingina yake nema, don haka gidan da ba shi da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu yana iya samun mai saye da kuɗi hannu, amma da wuya banki ya karɓe shi. Idan kana da takardar shaidar mallakar, wato C of O, ka tabbatar sunanka ne a kai, ba na wanda ka sayi filin a hannunsa ba, ka je KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, ka bincika ko akwai bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara ka biya, ka kuma nemo taswirar ginin da hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA, ta amince da ita. Idan a hannun magada ka sayi filin, takardar rabon gado ta kasance cikin fayil ɗin, saboda babu abin da ke korar mai saye kamar jin cewa wani ɗan'uwa bai sa hannu ba. Wannan aiki yana cin lokaci, wani sa'in watanni, shi ya sa nake cewa da shi za ka fara.

Bayan takardu sai ruwa, wanda shi ne babban abokin gabar gini. Mai ƙiyasi idan ya shiga ɗaki, sama yake fara kallo, yana neman zoben nan mai ruwan ƙasa-ƙasa a jikin silin da ke nuna kwano yana yoyo. Daga nan sai ya sunkuya ya dubi gindin bango, inda fenti ke kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, alamar danshi na hawowa daga ƙasa. Wasunmu masu ƙiyasi har makulli muke ƙwanƙwasawa a jikin filasta mu ji ko ta saki. Gidan da ya shekara 18 ba ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan. Ka kira kafinta ya hau rufi ya sauya kwanon da ya huje da katakon da gara ta ci, birkila ya buɗe tsagewar bango ya gano dalilinta kafin ya toshe, a gyara sokawe, a share kwatar ƙofar gida yadda ruwan damina zai wuce bai kwanta a jikin katanga ba. Abin da aka kashe a nan yana hana a zaftare maka fiye da shi, domin mai ƙiyasi yakan cire kuɗin gyaran da ya hango, kuma ba ya ƙiyasta shi da rahusa.

Kada ka yarda a shafe danshi da fenti don a ɓoye shi. Ƙwararre yana ganewa, daga nan kuma sai ya fara shakkar sauran ginin. Ga shi a shari'ar Musulunci mai saye yana da ikon mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.

Tayil da POP ba laifi ba ne, sai dai ba kasafai suke mayar da kuɗinsu ba, musamman da yake mai saye yana iya fasa su ya sa launin da uwargidansa ke so. Dillali yana son su ne saboda gida mai ƙyalli ya fi saurin shiga, la'adarsa ta fito da wuri. Idan kuɗi ya ragu, ka yi fenti mai haske bayan bango ya bushe sarai, ka gyara banɗaki da famfo da ƙofar shiga, ka biya bashin wuta, ka kwashe tarkacen tsakar gida. Idan akwai rijiyar burtsatse, ta kasance tana aiki ranar da za a zo, domin a Kano ruwa na cikin abin da ake fara tambaya. A ranar ka ajiye fayil ɗin takardu da rasit na duk gyaran da aka yi, ka miƙa wa mai ƙiyasi tun kafin ya nema.