Baƙaƙen tabo a hoton ƙashi: kansa ce?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 ya daɗe yana kukan ciwon cinya. Bayan hoton eksire aka ce ana zargin faibros disfileshiya, aka tura mu hoton ƙashi na nukiliya. Sakamako ya fito da baƙaƙen tabo a cinya, haƙarƙari da ƙoƙon kai. Tun ranar ban runtsa ba. Kansa ce ta bazu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ki kwantar da hankalinki, baƙin tabo a wannan hoto ba ya nufin kansa.

Allurar da aka yi masa kafin hoton tana ɗauke da sinadarin teknetiyom-99m mai fitar da ɗan tiriri, haɗe da wani mai manne wa ƙashi. Ana jira awa 2 zuwa 4, sannan kyamarar gama, wadda ke gano wannan tiririn, ta ɗauki jiki daga kai har ƙafa. Sinadarin yana taruwa duk inda ƙashi ke rushewa yana sake ginuwa, kamar yadda siminti ke taruwa inda magina suke aiki. Karaya mai warkewa tana jan sa, ciwon ƙashi na ƙwayoyin cuta ma haka, kansa ma haka. Hoton wurin da ake aiki yake nunawa, ba ya faɗin sunan cutar. Ki duba hoton da kyau, za ki ga baƙin layi a gwiwoyi biyu daidai wa daida, da baƙin dunƙule a mara. Na farko wuraren girman ƙashi ne a jikin kowane yaro, na biyu mafitsara ce, don ta fitsari sinadarin yake fita.

Ita kuwa faibros disfileshiya tana cikin masu jan sinadarin sosai, shi ya sa take tsorata mutane, har wani lokaci da likitan da bai ga eksiren ba. Asalinta canji ne a ƙwayar halitta mai suna GNAS tun yaro na ciki, sai wani nama mai zare-zare ya maye gurbin ƙashi mai ƙwari. Ba gadonta ake yi ba, ba kuma laifin uwa ba ne. Yawancin masu ita ƙashi ɗaya take kamawa, na ɗanki ta taɓa fiye da ɗaya, kuma dalilin yin hoton ke nan: a san iyakarta. Wuraren nan uku da kika lissafa su ne matattararta. Tabbaci yana zuwa ne idan aka haɗa da eksire ko hoton CT, inda cikin ƙashin ke fitowa kamar gilashi mai hazo. Sai in akwai shakka ake ɗebo ɗan nama a gwada. Rikiɗewarta zuwa kansa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Batun tiriri, ƙarfin teknetiyom yana raguwa da rabi duk awa 6, washegari saura kaɗan. Ni dai ban ga amfanin maimaita hoton a kai a kai ba, sau ɗaya yakan wadatar.

Cinyar ce ta fi damuna, domin ita ke ɗaukar nauyin jiki, tana iya lanƙwashewa ko ta karye, don haka likitan ƙashi ya riƙa bin ta. Saboda ƙoƙon kai, a duba ganinsa da jinsa. In yana da faffaɗan tabo mai duhu a fata ko ya balaga da wuri, ki faɗa, domin akwai nau'in da ake kira McCune-Albright mai taɓa sinadaran jiki masu kula da girma da balaga, a auna masa har da fosfet na jini, wato sinadarin da ƙashi ke buƙata don ya yi ƙwari. Sabon ciwo mai hana barci, ko kumburi mai girma da sauri, kada ki jira ranar ganin likita, ku koma asibiti nan take.